Daga Kirari Zuwa Makoki: Mawaƙan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ran 4 ga Agusta 1914 Birtaniya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Jamus, bayan sojojin Jamus sun keta iyakar Beljiyam za su faɗa wa Faransa. Ba a cika wata guda ba, ran 2 ga Satumba, wani minista mai suna Charles Masterman ya tara manyan marubutan ƙasar su 25 a asirce, a wani gidan gwamnati da ake kira Wellington House a Landan. Thomas Hardy yana wurin, da Arthur Conan Doyle, da H. G. Wells, da Robert Bridges wanda shi ne mawaƙin fada a lokacin. Buƙata guda aka gabatar musu: su ba yaƙi aron alƙalumansu. Kwana uku da tashi daga taron, Hardy ya riga ya rubuta waƙar rakiyar samari masu tafiya bakin daga.

Gwamnati ta san dalilinta na neman mawaƙa tun kafin ta gama ɗinka wa sababbin kurata kaki. Ƙasar ba ta da dokar tilasta wa kowa shiga soja, sai a Janairu 1916 aka yi ta. Kafin nan, duk saurayin da zai bar gona ko masana'anta ya ɗauki bindiga, sai an taɓa masa zuciya. An kuwa taɓa: daga Agusta 1914 zuwa ƙarshen 1915 mutum kusan miliyan 2 da rabi suka kai kansu. Jaridu suka cika da baitoci. Wata mai bincike, Catherine Reilly, ta ƙirga mutum 2,225 a Birtaniya da suka wallafa waƙa a kan wannan yaƙi, kuma mafi yawan abin da aka fara rubutawa zuga ce da kirari.

Yaƙin da suka sani a littafi

Waɗannan samari ba su san yaƙi ba sai a takarda. 'Ya'yan masu hali sun tashi a makarantun kwana inda ake karanta jarumtakar Girkawa da Rumawa, ana haddace baitin mawaƙin Rum Horace mai yabon mutuwa domin ƙasa, ana rera waƙar da Tennyson ya yi wa mahaya dawakin da suka afka bakin igwar Rasha a Balaclava a 1854. Yawancin yaƙe-yaƙen da iyayensu suka ji labari a nesa aka yi su, a Indiya da Sudan da ƙasashenmu, inda bindiga mai jigida take hannun ɓangare guda. Da irinta aka ci Kano da Sakkwato a 1903, da rundunar da ba ta taka kara ta karya ba. Mai karanta jarida a Landan ya saba jin cewa yaƙi tafiya ce ta 'yan watanni, a dawo da tuta da lambar yabo. Bai taɓa tunanin ranar da bakin wannan bindiga zai juyo kansa ba.

A wannan yanayi tauraron Rupert Brooke ya haska. An haife shi a 1887, ya yi karatu a Cambridge, kyakkyawa ne kuma sananne a gidajen manya. Ya shiga rundunar sojan ruwa, ya ga 'yan kwanaki na ja da baya a Antwerp cikin Oktoba 1914, sannan ya dawo gida ya rubuta gajerun waƙoƙi biyar. A cikinsu yaƙi wanka ne da zai tsarkake samari daga zaman banza, mutuwa kuwa kyauta ce da saurayi yake miƙa wa ƙasarsa da farin ciki, har ƙasar da aka binne shi ta zama wani yanki na Ingila. Babu jini a waƙoƙin, babu wari, babu ihun wanda aka harba a ciki.

Ran Ista, 4 ga Afrilu 1915, wani babban malamin coci ya karanta ɗaya daga cikinsu a kan mumbarin cocin St Paul's. Ran 23 ga watan Brooke ya rasu a jirgin asibiti kusa da tsibirin Skyros na Girka, a hanyarsa ta zuwa fagen daga na Gallipoli. Ba harsashi ne ajalinsa ba, cizon sauro ne ya ruɓe ya ɓata masa jini. Winston Churchill, ministan sojan ruwa a lokacin, ya rubuta ta'aziyyarsa a jaridar The Times, ya ɗaga shi a matsayin abin koyi ga kowane saurayi. Aka yi ta buga littafinsa ana sakewa. Kwana guda kafin rasuwarsa, ran 22 ga Afrilu, Jamusawa suka saki iskar guba a Ypres. Yaƙin da Brooke ya yi wa waƙa ya riga ya shuɗe tun yana da sauran numfashi.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Jamus Ernst Lissauer ya yi waƙar ƙiyayya ga Ingila, aka rarraba wa sojoji, yara suka haddace a makaranta, Sarkin Jamus ya ba shi lambar girma. Daga baya ya yi nadamarta. A Landan kuma Jessie Pope tana cika shafin Daily Mail da baitoci masu sauƙin hadda, tana kwatanta yaƙi da wasan ƙwallo, tana gori ga saurayin da ya tsaya a gefen fili.

Wanda ya gani ya yaba, da wanda ya gani ya ƙi

Da sauƙi a ce masu zuga su ne waɗanda ba su je ba, masu tir kuma waɗanda suka je. Tarihi bai yarda da wannan rabo ba. Julian Grenfell cikakken soja ne tun kafin yaƙi. Yakan rarrafa shi kaɗai har bakin ramin Jamusawa ya harbe mutum ya dawo, aka ba shi lambar yabo a kan haka, kuma ya rubuta wa iyayensa cewa yana ƙaunar yaƙi. Waƙarsa tana murnar gumurzu, tana ganin mayaƙi ɗan'uwan rana da itatuwa da tsuntsaye ne. Ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a ka, ya rasu ran 26 ga Mayu 1915, aka buga waƙar a The Times a makon. Ya ga gawa da idonsa, bai kuwa sauya ra'ayi ba.

Charles Sorley shi ma ya gani, amma ya ga wani abu dabam. Ya shafe watannin farko na 1914 yana karatu a Jamus, ya zauna a gidajensu, ya ci abincinsu. Saboda haka da aka ce masa Bajamushe dodo ne, bai karɓa ba. Ya rubuta waƙa yana kiran ƙasashen biyu makafi masu faɗa da juna. A wata wasiƙa ya soki Brooke da cewa ya cika damuwa da tasa sadaukarwar. Maharbi ya same shi a ka a Loos ran 13 ga Oktoba 1915, yana kyaftin, yana ɗan shekara 20. A cikin kayansa aka tsinci waƙarsa ta ƙarshe, wadda take hana masu rai yi wa matattu daɗin baki, domin kunnen da zai ji yabon ya riga ya toshe.

A wannan fage na Loos marubuci Rudyard Kipling ya rasa ɗansa tilo namiji. Kipling yana cikin masu kiran samari da babbar murya. An ƙi ɗaukar ɗansa John saboda raunin gani, sai uban ya bi ta hannun tsohon abokinsa Lord Roberts ya samo masa gurbin hafsa. Yaron ya ɓace ran 27 ga Satumba 1915, makonni kaɗan bayan ya cika shekara 18. Iyayensa suka yi shekaru suna tambayar sojoji a asibitoci ko akwai wanda ya gan shi. Kipling bai taɓa cewa yaƙin kuskure ne ba, amma a 1919 ya wallafa gajerun baitocin kabari, kuma a ɗaya daga cikinsu matattun samari suna ɗora alhakin mutuwarsu a kan ƙaryar iyayensu maza.

Somme

Zuwa lokacin, yaƙi ya zama zaman rami. Ramuka sun miƙe kimanin kilomita 700, daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, da waya mai ƙaya a gabansu, da laka da ɓeraye da ƙwarƙwata a cikinsu. Ran 1 ga Yuli 1916, bayan mako guda ana ruwan igwa, aka busa usur a bakin kogin Somme, sojojin Birtaniya suka fito daga ramukansu suka nufi na Jamusawa. An gaya musu igwa ta gama aiki. Ashe Jamusawa suna can ƙarƙashin ƙasa suna jira. A wuni guda Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu. 19,240 daga ciki matattu ne. Da yake an ƙyale abokai 'yan gari ɗaya su shiga bataliya ɗaya, sai makoki ya sauka unguwa-unguwa. Bataliyar garin Accrington ta shiga da kimanin mutum 720, aka rasa 584 a safiyar nan.

Siegfried Sassoon yana wurin. Shi ma da kirari ya fara: waƙoƙinsa na 1915 ba su da nisa da na Brooke. Sai ƙanensa Hamo ya mutu a yaƙin Gallipoli, sai aka harbe amininsa David Thomas a Maris 1916. Ba matsoraci ba ne. Sojojinsa sun yi masa laƙabin mahaukaci saboda kasada, kuma an ba shi lambar jarumtaka don ya kwaso masu rauni ana ruwan harsashi. Abin da ya sauya shi ne inda ya juya bakin alƙalaminsa. Ya bar Bajamushe, ya koma zambo ga na gida: janar mai fara'a da gaisuwa wanda tsarinsa ya hallaka yaran da ya gaisa da su, babban limamin coci mai wa'azin cewa yaƙi zai gyara samari alhali sun dawo ba ƙafa ba ido, 'yan jarida, da masu tafi a gidajen wasa.

A Yuli 1917, yana jinyar rauni a Ingila, ya yi abin da zai iya kai shi kotun soja. Ya ƙi komawa aiki, ya rubuta takarda cewa masu ikon tsayar da yaƙin suna jan sa da gangan, kuma yaƙin kare kai ya rikiɗe ya zama na mamaya. Aka karanta takardar a majalisar dokoki ran 30 ga Yuli. Ya cire ƙyallen lambarsa ya jefa a kogin Mersey. Hukuma ba ta son shari'ar da za ta ba jarumi dandalin magana, abokinsa mawaƙi Robert Graves kuma yana tsoron a ɗaure shi. Sai aka taru a kan cewa firgitar igwa ce ta taɓa shi, aka tura shi asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh.

Wilfred Owen

A wannan asibiti, cikin Agusta 1917, wani ƙaramin hafsa mai in'ina ya ƙwanƙwasa ƙofar Sassoon da littattafai a hannu yana neman sa hannu. Wilfred Owen ke nan, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, haifaffen 1893, wanda rashin kuɗi ya hana shi jami'a. Yana koyar da Turanci a Faransa yaƙi ya ɓarke, bai shiga soja ba sai Oktoba 1915. A Janairu 1917 shi da yaransa suka yi awa 50 a wani ramin Jamusawa da suka kama, ruwa yana hawa ƙafafunsu, igwa tana sauka a kansu. Wani ɗan gadi da ya ajiye a bakin matakala ya faɗo ƙasa idanunsa sun tafi. Bayan wasu watanni harsashin igwa ya ɗaga Owen sama, ya kwana da kwanaki a wani rami kusa da ragowar gawar wani hafsa abokinsa. Da ya fito hannunsa yana rawa.

Sassoon ya duba tsofaffin waƙoƙinsa masu zaƙin lafazi, ya ba shi shawara ya rubuta abin da ya gani. Har yau akwai takardun Owen da gyaran hannun Sassoon a jikinsu. Cikin shekara guda da 'yan watanni ya rubuta kusan duk abin da aka san shi da shi. A wata waƙa sojoji suna dawowa daga bakin daga a gajiye, wasu ba takalmi, sai iskar guba ta sauka. Kowa ya lalubi abin rufe fuskarsa, mutum guda bai samu sa nasa ba. Owen bai kau da kai ba, bai kuma bar mai karatu ya kau ba: ya bi mutumin har cikin amalanken da aka jefa shi, idanu suna juyawa, jini yana tasowa daga huhu duk sanda ƙafar amalanke ta faɗa rami. Sannan ya waiwayo ga mai zuga yara, ya kira baitin Horace tsohuwar ƙarya. A daftarin farko ya rubuta sunan Jessie Pope a saman waƙar, daga baya ya goge. A wata kuma saurayi ne a keken guragu, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, yana jiran wanda zai kai shi gado. A wata, soja ya haɗu a lahira da mutumin da ya soke jiya, mutumin ya kira shi aboki.

Duk da haka su biyun sun koma bakin daga. Sassoon ya koma saboda ya kasa barin yaransa, aka harbe shi a ka bisa kuskure a Yuli 1918, ya rayu. Owen ya koma Faransa, ya gaya wa mahaifiyarsa cewa ya zo ne ya jagoranci yaran nan, ya kuma ga wahalarsu don ya yi magana a madadinsu. A farkon Oktoba ya ƙwace bindiga mai jigida a Joncourt, aka ba shi lambar jarumtaka. Ran 4 ga Nuwamba 1918 aka kashe shi yana ƙoƙarin tsallakar da sojojinsa mashigin ruwa na Sambre, yana ɗan shekara 25. Saƙon rasuwarsa ya isa gidan iyayensa a Shrewsbury ran 11 ga Nuwamba, ana kaɗa ƙararrawar murnar ƙarshen yaƙi.

Yawancin waɗannan mawaƙa hafsoshi ne. Isaac Rosenberg kuwa farabiti ne, ɗan talakawan Yahudawa daga gabashin Landan, wanda rashin aikin yi da son a riƙa ba mahaifiyarsa alawus suka kai shi soja. A kan guntayen takarda yake rubutu da fensir. Waƙoƙinsa na farautar ƙwarƙwata ne da dare, da keken ɗaukar waya mai bi ta kan gawawwaki, da ɓeran da yake tsallakawa daga ramin Ingilishi zuwa na Bajamushe ba ruwansa da tutar kowa. An kashe shi ran 1 ga Afrilu 1918.

Muryar da aka ji a makare

Sojoji kusan miliyan 10 suka mutu a wannan yaƙi. Abin da ya fi ba ni ciwo a tarihin mawaƙansa shi ne jerin lokacin da aka saurari kowa. An karanta Brooke a mumbari lokacin da ake neman kurata. Owen kuwa waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye. Littafinsa na farko ya fito a 1920, kuma shekara da shekaru na Brooke ya fi shi kasuwa nesa ba kusa ba. Ko a 1936 babban mawaƙi W. B. Yeats ya ƙi sa Owen a kundin waƙoƙin zamani na Oxford, wai wahalar da mutum ya sha ba tare da ya iya komai ba, ba jigon waƙa ba ce. Sai bayan an sake wani yaƙin duniya, sai da mai tsara kiɗa Benjamin Britten ya sa waƙoƙin Owen a kiɗan makokin da aka gabatar a sabon cocin Coventry a 1962, sannan ya zama wanda kowane ɗan makaranta yake karantawa. A 1985 aka kafa dutse a Westminster Abbey ɗauke da sunayen mawaƙan yaƙin su 16. Brooke da Grenfell suna ciki, amma kalmomin da aka zana a kewayen dutsen na Owen ne. Girmamawa ce ta gaskiya, sai dai ga samarin 1914 ta zama ihu bayan hari.

Wanda ya karanta waƙoƙin Jahiliyya a zaure ya san wannan saɓani tun kafin Turawa. Yaƙin Dahis da Gabra tsakanin Abs da Zubyan, wanda ya taso daga tseren dawaki, shi ya ba mu Antara mai alfahari da takobinsa, shi kuma ya ba mu Zuhairu ɗan Abi Sulma, dattijon da ya zayyana munin yaƙi ya kuma ajiye yabonsa ga Harimu ɗan Sinan da Harisu ɗan Aufu, waɗanda suka ɗauki diyyar matattu a dukiyarsu don a yi sulhu. Yaƙi ɗaya, mawaƙa biyu, dukansu fasihai.

Ashe bambancin ba na fasaha ba ne, ba kuma na jarumtaka ba, tunda Grenfell da Owen duka sun sami lambar yabo. Bambancin yana ga abin da mawaƙi ya yarda ya sa a lissafi. Mai kirari yana kallon tuta da sunan da za a bari, kuma yawanci a kan kansa yake magana. Mai makoki yana kallon mutum guda, da huhunsa da ƙafarsa da uwarsa, har da na wancan ɓangaren. Wannan bai nufin kowane yaƙi banza ne. Jamusawa sun ƙone Louvain da gaske, sun kashe dubban fararen hula a Beljiyam, kuma sojoji da yawa sun mutu suna da yaƙinin suna kan gaskiya. Ko Sassoon bai ce kada a taɓa ɗaukar makami ba. Abin da shi da Owen suka ƙi shi ne a aiki mutum ga mutuwa a ɓoye masa farashinta.

Mu mutane ne da muka san ƙarfin kiɗa da kirari, mun san yadda baiti ɗaya yake sa namiji ya manta da gida. Saboda haka wannan tarihi ya shafe mu. Mawaƙi ba ɗan kallo ba ne. In ya zuga aka tafi, yana da kaso a jinin da aka zubar. Duk ranar da wani fasihi ya tashi yana kiran 'ya'yan mutane zuwa fagen fama, a rediyo ne ko a waya, haƙƙinmu ne mu tambaye shi ina gurgu a waƙarsa, ina maraya, ina matar da za ta shiga takaba. In babu su, bai gama faɗin gaskiya ba, kuma lokacin yi masa tambayar shi ne kafin a busa usur.